Daga Damata Za Ki Fara

Ƙarfe bakwai saura kwata take sauka daga keke napep a bakin makarantarmu, jaka a kafaɗa, tsohon gwangwanin madara a hannu. Ba ta bi ta ofishin malamai. Takan kewaya ta bayan ajujuwa, ta wuce famfon da ya daɗe da daina kawo ruwa, ta tsaya a ƙofar wani ɗan ɗaki wanda a da sito ne na ajiye karyayyun bencina. Ta buɗe, ta share, ta goge teburin, sannan ta juye abin da ke cikin gwangwanin. Murafen kwalaben lemo ne, kowanne an manna masa 'yar takarda an rubuta gaɓa ɗaya: ba, ki, ru, ma. Ta jera su, ta ja kujera, ta zauna tana jiran yaron farko.

Haka Malama Suwaibatu Bukar ta yi shekara goma sha tara daga cikin talatin da biyar da ta yi tana koyarwa a firamare. A ƙarshen watan Yulin da ya wuce ta yi ritaya. Ranar da aka yi mata sallama an yi jawabi uku, an yabi haƙurinta da zuwanta aiki a kan lokaci, amma babu wanda ya faɗi abin da take yi a ɗakin nan. Ban ga laifinsu ba. Yawancinmu ba mu taɓa shiga ba. Shi ya sa na ga ya dace a rubuta.

Wanda ya san ajin firamare a garin Lafiya ya san yadda karatu yake tafiya. Yara tamanin ko fiye, malami ɗaya. Malami ya karanta layi, aji ya amsa da murya ɗaya har rufin kwano ya ɗauka. A cikin wannan amshi yaro zai iya ɓuya shekara uku. Bakinsa yana motsi tare da na kowa, idonsa yana kan littafi, amma baƙaƙen da ke gabansa ba su ce masa komai ba. Wasu in an ɗan matsa musu sukan kamo. Akwai kuma waɗanda an matsa, an maimaita musu aji, an yi faɗa, an yi bulala, an yi rarrashi, karatun ya ƙi zama. Waɗannan su ne mutanen Malama Suwaibatu.

Ba ta ɗaukar fiye da huɗu a lokaci guda, kuma ba ta haɗa su. Kowane yaro shi kaɗai, rabin sa'a, kullum, Litinin zuwa Juma'a. Biyu kafin a buga ƙararrawar taron safe, ɗaya lokacin tara, ɗaya bayan an tashi. Tsakanin haka tana da ajinta kamar kowa, don wannan aikin ba ya cikin jadawali, ba wanda ya sa ta, ba wanda zai tambaye ta in ta bari. Da Hausa take fara musu, ko yaron ɗan ƙabilar Alago ne ko Eggon ko Tibi, saboda ita ce duk suke ji a kasuwa da wajen wasa, kuma baƙaƙenta abin da aka rubuta shi suke faɗa. Sai ƙafar yaro ta tsaya a nan take haurawa da shi Turanci. Wani zango ɗaya yake yi a wurinta. Wani shekara biyu.

Lokutan nan da ta zaɓa su ne lokutan da malamai suke haɗuwa. Da safe ake gaisawa, lokacin tara ake cin ƙosai ana hira, bayan tashi ake jerawa zuwa bakin titi. Ita duk ba ta nan. An yi shekaru ana shirya zuwa suna ko biki a manta da ita, ba don ƙiyayya ba, sai don ba a ganinta lokacin da ake maganar. Ɗakin nata ma suna aka sa masa: gareji. Hedimastanmu, Mista Akaa, mutum ne mai barkwanci, Hausarsa kuma irin ta gari ce, ba ruwanta da mace ko namiji. In ya hango ta yakan ɗaga murya:

"Malama! Motoci nawa ne a gareji yau?"

"Huɗu, ranka ya daɗe. Ɗaya ta kusa tashi."

"In ya tashi ka kira ni in zo in tura."

Takan yi murmushi ta wuce. Ban taɓa jin ta kira wani daga cikin yaran da sunan da ba nasa ba.

A gida ma ita kaɗai ce. Maigidanta ya rasu shekara takwas ke nan, 'ya'yanta biyu aiki da aure sun kai su nesa. Maƙwabtanta a Sabon Fegi sun saba ganinta bayan la'asar a tsakar gida, da almakashi da kwalin sabulu, tana yanka katuna tana rubuta kalmomi. Masu shaguna na layin sun san ba a zubar da murfin lemo, na Malama ne.

Abin da ya bambanta ta da mu shi ne kunne. Mu in yaro ya yi kuskure mukan ce ba daidai ba, mu faɗa masa daidai, mu wuce. Ita takan rubuta kuskuren yadda ya fito daga bakinsa, ta sa kwanan wata, ta tafi da shi gida. Akwai wani Luqman da yanzu yake rubuta allunan shaguna a hanyar Doma. Da bakinsa ya gaya mini cewa ya kai aji huɗu bai iya bambanta b da d ba. "Kowa ya ce in buɗe idona," in ji shi. "Malama ce kaɗai ta ce in rufe. Ta riƙe yatsana tana zana su a cikin yashi, wata uku, har hannuna ya gane kafin idona."

Amma labarin da nake so in bayar na ɗalibarta ta ƙarshe ne, don shi na gani da idona.

Mutmainna a ajina take, aji uku, karo na biyu. Shekararta tara. Muryarta ta fi ta kowa a wajen amshi, kuma in aka karanta shafi sau biyu ta haddace shi. Sai da na rufe rabin layi da hannuna wata rana na ga ta ci gaba da karantawa kamar ba a rufe ba, sannan na gane. Mahaifiyarta ta rasu tana shekara biyu. A hannun kakarta ta wajen uba ta tashi, Iya Sadiya, mai soya masa a kusa da tasha. Mahaifinta, Malam Rilwanu, yana sayar da zare da maɓalli da zif a kasuwa.

A makon farko na zango na uku ya zo makaranta wurin hedimasta. Bai zo da faɗa ba, a gajiye ya zo.

"Ranka ya daɗe, shekara huɗu ke nan ina turo yarinyar nan. Jiya na miƙa mata kwalin zare na ce ta karanta mini, ta tsaya tana kallona. Ga Iya ƙafa ta dame ta, ita kaɗai a gaban wuta. A Islamiyya an ce haddarta tana kyau. To ta riƙe wannan, da safe ta taya kakarta. Boko ba na kowa ba ne."

Mista Akaa ya ce, "Oga Rilwanu, yarinya ƙarami ne. Ka ba shi lokaci."

"Na ba ta. Wannan zangon ne na ƙarshe. Ranar da za a yi hutu zan zo da kaina. In ta karanta, ta zauna. In ba ta karanta ba, kar wanda ya biyo ni gida."

Da aka kai wa Malama Suwaibatu maganar, yaranta huɗu sun cika, kuma wata uku ya rage mata a aiki. Duk da haka ta ce a turo ta bayan na ƙarshe ya fita. Daga ranar ta daina barin makaranta sai kowa ya watse, har maigadi yakan zo ya tsaya da kwaɗo a hannu.

Mako biyar suka yi a kan baƙaƙe da gaɓoɓi. A hankali abin yake shiga, yau a kama gobe a rasa, jibi a sake kamawa. Sannan aka fara haɗa murfi biyu su zama kalma. Mutmainna ta karanta baba. Ta karanta mama. Ta karanta kaka. Na yi murna har na je na gaya wa hedimasta. Sai kuma komai ya tsaya. Duk sauran kalmomin da aka ajiye mata, wata kalma daban take faɗa, da ƙarfin gwiwarta kuwa. Na ce wa Malama, "Canka take yi. Ta koma halinta."

Ta buɗe littafinta ta nuna mini shafin yarinyar. A gefe ɗaya abin da aka rubuta, a ɗaya gefen abin da ta faɗa. An rubuta tafi, ta ce fita. An rubuta daga, ta ce gada. An rubuta nama, ta ce mana. An rubuta masa, ta ce sama.

"Duba da kyau," in ji ta. "Mai canka ba ya faɗuwa wuri ɗaya kullum. Kowace gaɓa ta karanta ta daidai. Daga dama take ɗauko su. Baba da mama da kaka kuwa, ta ko'ina ka shigo musu abu ɗaya ne. Su suka ruɗe mu."

Da fari ta ɗauka tasirin Islamiyya ne, tunda rubutun Larabci daga dama yake tashi. Ta ce ta sha ganin haka, kuma yawanci mako ɗaya ko biyu yake yi ya wuce. Ta zana kibiya a saman katin. Ta sa jan ɗigo a hagu ta ce daga nan za a fara. Mutmainna takan ɗora yatsa a kan ɗigon don ladabi, sai a hankali ta zame shi har ƙarshen kalma, ta faro daga can. Kwana goma ana haka. Mako shida ya rage.

Wata Laraba ruwa ya tsare ni a makaranta, na fake a bakin ƙofar ɗakin. Ƙarar ruwan a kan kwano ta hana karatu, sai Malama da Mutmainna suka zauna kawai, kafaɗa da kafaɗa kamar yadda Malama take zama da kowane yaro. Da ruwan ya ɗan sassauta na ji ta ce:

"Mutmainna, ba mantawa kike yi ba, ko?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ba zan yi faɗa ba. Me ya sa ba kya son jan ɗigon nan?"

Ta amsa ƙasa-ƙasa. "Iya ta ce abin kirki da dama ake fara shi. Abinci da dama. Takalmi da dama. Shiga masallaci da dama. Hagu na bayan gida ne." Ta ɗago. "Malama, karatu ba abin kirki ba ne?"

Daga baya muka ji cewa bahaguwa aka haife ta, kuma tana ƙarama an sha buge mata hannun har ta daina miƙa shi. Shekara huɗu ke nan malamai suna ce mata ta fara daga hagu, ita kuma tana jin kamar ana sa ta wulaƙanta karatu. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambaya.

Ni da a ce ni ne, da na ce mata wannan daban wancan daban, boko haka yake. Malama Suwaibatu ba ta ce komai a kan maganar Iya ba. Ta miƙe, ta ɗauki kujerarta, ta zagaya teburin ta ajiye ta a gaban yarinyar, suna fuskantar juna. Ta ajiye kati a tsakaninsu. Ta ɗora tafin hannunta a gefen katin, daidai inda jan ɗigon yake.

"Wannan wane hannuna ne?"

Mutmainna ta duba, ta ɗan juya jikinta tana gwadawa da nata. "Dama."

"Kin tabbata?"

"Shi kike rubutu da shi."

"To daga damata za ki fara."

Yarinyar ta kai yatsa kusa da hannun Malama. "Ma," ta ce. Ta matsa. "Sa." Ta tsaya. Ta sake. Sai ta rufe baki da mayafinta tana dariya. "Lah! Ashe masa ce!"

"Da can fa? Sama Iya take soyawa a tasha?"

Suka yi ta dariya su biyu, ruwa yana zuba. A shekarun da na yi da ita, ranar na fara jin sautin dariyarta.

Ke ce, Malama, kika san cewa ba a gyara yaro ta hanyar ƙaryata wanda ya raine shi. Ke ce kika ga hanyar da ba sai an zaɓi tsakanin kaka da makaranta ba. Kujera kawai kika matsar, amma shekara goma sha tara na sauraro ne suka nuna miki inda za ki ajiye ta. Mai kunnen jin abin da yaro bai faɗa ba, ta gidan Bukar, sannu da aiki.

Kada wani ya ɗauka daga ranar an gama. Matsalar Mutmainna ba hannu kaɗai ba ne. Baƙaƙe suna yi mata wuyar zama tun asali, kalma mai gaɓa uku takan sa ta zufa, kuma abin da aka koya Juma'a sai an sake ginin rabinsa Litinin. Kullum rabin sa'a, ba fashi, har ranar da zazzaɓi ya kama Malama ta zo da rigar sanyi ta zauna. Tunda yanzu a gaban yarinyar take zama, rubutun a kife take ganinsa, sai da ta koya wa idonta bin layi a juye. Daga kalma suka kai jimla. Daga jimla suka kai layi uku.

Abu ɗaya ne ya ƙi. Duk lokacin da Malama ta janye hannunta a hankali don ta gwada, yatsan yarinyar sai ya tsaya, ya yi ta yawo, ya koma dama. Ta ce mini, "Zango ɗaya nake bukata in yaye ta daga hannun nan. Ba ni da shi." Kuma yaran makaranta sun riga sun ji labarin ritaya. Wata rana suna tattara murafe Mutmainna ta tambaye ta:

"Malama, in kin tafi, daga damar wa zan fara?"

 Malama ta ce wa yarinyar ta rufe gwangwanin da kyau.

Ranar Asabar ta je tasha wurin Iya Sadiya. Ta zauna a benci har masu saye suka ragu, sannan ta ba ta labarin hannu tun daga farko. Tsohuwar ta ajiye tsinken juya masa.

"Wato ni na hana ta karatu, Malama?"

"Ba ki hana ta ba, Iya. Tarbiyyar da kika ba ta ce ta kama da kyau. Da ita muka yi aiki."

Iya ta juya wajen tandarta. Ta ƙulle masa a leda ta tura mata, ta ƙi sauraron godiya.

Ranar Alhamis ta ƙarshen zango Malam Rilwanu ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Ba mu zaci Iya za ta biyo shi ba, sai ga ta a baya tana jan ƙafa, zanenta yana ƙamshin mai. Ɗakin bai taɓa ɗaukar mutane haka ba: su biyu, da Mista Akaa, da ni, da Malama, da yarinyar a kan kujerarta. Malama ta ɗauko katunanta. Rilwanu ya ɗaga hannu.

"Ki gafarce ni, Malama. Na san 'yata. Kanta kamar rikoda yake, abin da kika zuba mata shi za ta juye mini. Ni zan rubuta nawa. Kuma don Allah ki ɗan tsaya daga can."

Ba ta yi musu ba. Ta tashi ta koma jikin bango. Ya ciro wani kwalin maɓalli daga aljihu, ya juya bayansa, ya yi rubutu layi biyu da manyan baƙaƙe, ya ajiye a gaban 'yarsa.

Mutmainna ta dubi kwalin. Ta dubi kujerar da ke gabanta, ba kowa a kai. Ta ɗaga yatsa, ya tsaya a iska. Mista Akaa ya yi gyaran murya. Muna kallo yatsan ya sauka a ƙarshen layi, ta dama, bakinta ya fara motsi ba sauti. Na saci kallon Malama. Ta riƙe hannunta na dama da na hagu, ta matse shi a cikinta, idonta a ƙasa.

Rilwanu ya numfasa, ya miƙa hannu zai ɗauke kwalinsa.

"Dakata," in ji Iya.

Ta ratsa tsakaninmu, ta dafa tebur, ta zauna a kujerar Malama.

"Iya, me za ki yi?"

"Zama. Ko shi ma sai ka ba ni izini? Kai dai ka san ko alif na boko ban sani ba, balle ka ce na gaya mata."

Ta ɗora hannunta a gefen kwalin, hannun da mai ya yi wa tabo har wuyan hannu. "Ga damata nan, 'yar gidana. Yi bismilla."

Yarinyar ta yi bismilla. Sunanta ne a farko, ta gane shi nan take. Sai ta shiga sauran.

"Ta... ga... ma. Ta gama. Ko... bo..." Ta tsaya. Ta dubi hannun kakarta, ta koma baya da kanta. "Bo... ko. Boko." Ta sauko layi na biyu. "Go... be. Za... ta. Ka... ma. Ma... sa."

Ya ɗauke ta kusan minti uku. Ba wanda ya yi motsi. Sai muka ga ta koma farko tana bi a zuci, leɓenta yana rawa, goshinta ya tattare. Ta ɗago ta dubi mahaifinta.

"Baba, ban gama ba."

"Me kika ce?"

"Ka rubuta na gama boko, gobe zan kama masa. Ban gama ba. Aji uku nake."

Abin da ke ransa ya rubuta, don bai taɓa tsammanin za ta ji shi ba.  Ya ɗauki kwalin, ya ninke shi biyu, ya sa a aljihun gaba. Ya juya wajen hedimasta ya ce, "A bar ta." Ya juya wajen Malama, ya buɗe baki, abin da ya iya fitowa shi ne, "Allah ya saka." Ya fita da sauri kamar an kira shi a kasuwa.

Iya ta bi shi da ido. "Haka ubansa yake," ta ce. "In zai yi kuka sai ya tuna ya bar shago a buɗe."

Washegari aka yi wa Malama sallama, aka ba ta atamfa da agogon bango. Ta koma ɗakinta ta kwashe katunanta ita kaɗai, ta miƙa maɓallin a ofis, ta fita ta tsayar da keke.

Yanzu an koma sabuwar shekarar karatu. Mutmainna tana aji huɗu. Har yanzu a hankali take karatu, Turanci kuma yana gabanta, dutse ne babba. Kullum bayan an sauke tanda, Iya takan shimfiɗa tabarma a bayan rumfa, ta zauna a gabanta, ta ɗora hannu a gefen shafi. Na tambaye ta ko tana gane abin da ake karantawa. Ta ce, "Sai ta faɗa nake ji. Ni nawa hannu ne."

Ɗakin kuwa yana kulle, an fara mayar da karyayyun bencina ciki. Malama ta bar sunayen yara bakwai da ba ta samu kaiwa gare su ba, kowanne da 'yan layuka a kan inda take zaton matsalarsa take. Da na kai mata ziyara na same ta a tsakar gida tana yanka kwali, alhali ba yaron da za ta kai wa. Ta ce hannu ne ya saba. Ba ta tambaye ni labarin ofis ba. Sunayen nan ta bi ɗaya bayan ɗaya.

Don haka ina kira gare mu, malaman firamare na Lafiya da Doma da Assakio da duk inda wannan rubutu ya kai. A kowane aji akwai yaron da bakinsa yake motsi tare da na kowa. Ba a bukatar sabon gini kafin a fara. Ɗauki ɗaya. Ba shi rabin sa'a kullum, kada ka tsallake rana. Rubuta kuskurensa yadda ya faɗe shi, ka tambaye shi dalili, ka jira amsa ko da za ta daɗe. Ku kuma iyaye da kakanni, tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba ta nuna cewa akwai wurin zamanku a cikin aikin nan. Kada mu bar wani ya sake yin shekara goma sha tara shi kaɗai a bayan ajujuwa.

Malama Suwaibatu, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suka san ke kika buɗe musu, da waɗanda suka manta. Ki yafe mana shekarun da muka wuce ta ƙofarki ba mu leƙa ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sa hutun ya yi miki daɗi, ya sa aikin nan ya tarye ki ranar da ake bukatarsa.

Akwai kuma labarin da ba ki ji ba tukuna, Iya ce ta ce in isar miki. Ranar Talatar nan suna cikin karatu wani ya yi sallama yana neman ragowar masa. Iya ta tashi ta sallame shi, suka tsaya gaisuwa, har ya tambayi ƙafarta. Da ta juyo, yarinyar ba ta ma san ta tashi ba. Ta kai ƙarshen shafin, ta juya na gaba.